Hatimi da Diyya: Shaidar Mai Duba Nama

A kwata na yi rayuwar aikina, tsakanin turken shanu da teburin mahauta, ina duba abin da za a yanka da abin da aka riga aka yanka. A tsawon wannan zama, sau biyu tsoro ya shiga kasuwar nama shigar da har yau ake ba da labarinta: murar tsuntsaye a 2006, da ciwon saifa a 2023. Duka biyun a idona aka yi su, kuma shaidar da zan bayar a kansu guda ce. Mai saye ba ya komawa gaban teburin mahauci don an ce masa a rediyo ya kwantar da hankalinsa. Yana komawa ne idan mai dabba ya daina ɓoye marar lafiya, shi kuwa mai dabba ba zai daina ɓoyewa ba matuƙar faɗin gaskiya na nufin shi kaɗai zai ɗauki asara.

Sai an san yadda aikin yake a ranar da babu annoba kafin a gane inda yake karyewa ranar da ta zo.

Duba biyu ake yi wa kowace saniya. Na farko tana da rai. Ƙa'ida ita ce ta kwana a turken kwata, ta huta awa 12 zuwa 24, a ba ta ruwa, a hana ta abinci. Dabbar da aka yanka a gajiye jininta ba ya tsiyayewa sosai, namanta ya yi duhu, ya yi saurin lalacewa. Wadda kuma tumbinta ke cike, wajen fiɗa sai ya fashe ya ɓata naman. A cikin wannan hutun ne mai duba zai zagaya, ya ga tsayuwarta da tafiyarta, ko hancinta na da danshi, ko tana tuƙa, yaya numfashinta, wane irin kashi take yi. Wadda ya yi shakka a kanta sai ya sa mata ma'aunin zafi ta dubura. Saniya mai lafiya tana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya. In ta haura 40 a ware ta, babu yanka ranar. Haka yake a takarda. A aikace, motar da ta yi lodi a Maigatari ranar Alhamis ko a Potiskum ranar Laraba cikin dare take sauke shanu, kafin gari ya waye wuƙa ta hau. Wadda ta faɗi a mota ta kasa tashi ita ake fara yankawa don kada ta zama mushe, alhali ita ce ta fi kowace buƙatar a tsaya a dube ta.

Duba na biyu bayan fiɗa ne, kuma da kai ake farawa. A zaro harshe a shafa shi da hannu tun daga tushe, a tsaga naman kunci ta waje da ta ciki, a buɗe tsagar a haske. Abin da ake nema wasu fararen ƙuraje ne masu ruwa, kamar ƙwayar shinkafa, kwance a cikin jan nama. 'Ya'yan tsila ke nan, wanda ya ci su a tsiren da bai gasu ba zai reni tsila a cikinsa. A tsaga kaluluwar maƙogwaro da ta ƙarƙashin muƙamuƙi. A koma huhu, a matsa shi da tafin hannu a ji ko akwai tauri, a yanka kaluluwar da ke mararrabar bututun iska. Mai lafiya sumul wuƙa ke wucewa. In ka ji ƙaras-ƙaras a bakin wuƙa, ka ga busasshiyar mugunya ruwan ɗorawa, tarin fuka ne. A buɗe zuciya, ita ma don 'ya'yan tsila. A tsaga hanta ta gefen da matsarmama take, a matse hanyoyinta, in akwai tsutsa da kanta take fitowa, shimfiɗaɗɗiya. A ɗaga saifa a duba girmanta da launinta, a ɓare ƙoda daga kitsenta. Sannan hukunci. Hanta mai tsutsa ita kaɗai ake jefarwa. Tarin fukan da ya tsaya a huhu, a cire huhun da kaluluwarsa. Wanda ya bazu har bangon ƙirji da ciki da kaluluwar cinya, ga saniya ramammiya, to duk gangar jikin ba ta shiga kasuwa. Abin da ya tsira a buga masa hatimi a cinya da kafaɗa.

Ga wanda hannunsa ya faɗa, wannan ba ya cin minti goma. Amma yana da sharaɗi: kai da kayan ciki da gangar jiki su zauna wuri ɗaya har a gama. A kwatar da ake yanka ɗaruruwa a ƙasa cikin awa uku, kai na wurin mai babbaka, kayan ciki na wurin masu wanki, cinya ta hau babur. Ka sami tarin fuka a huhu ka tambayi huhun wace saniya ce, kowa ya dube ka.

Ba rashin imani ke sa su shiru ba, kuma wannan nake so wanda bai san fawa ba ya gane. Yawancin mahauta bashi suke ɗaukar saniya a kara, ta hannun dillali, a biya bayan an sayar. In aka hana gangar jiki guda, mutum ya tashi da bashin saniya sukutum, babu wanda zai ba shi ko sisi. Maganar da kowane mai duba nama ya sha ji ita ce, "Likita, ka dubi girman Allah, wallahi bashi ne." Ka ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan in ya fita yara zai shiga." Ya yi haƙurin ranar. Gobe in ya sayi wadda yake shakka, ba zai kawo ta kwata ba, a bayan gida zai yanka. Hatimin da ba ya tafe da diyya korar marasa lafiya yake yi daga inda ake duba su zuwa inda babu mai dubawa.

Ga kuma rabon aikin. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora ginawa da kula da mayanka a wuyan ƙananan hukumomi. Likitocin dabbobi da masu duba nama yawanci ma'aikatan jiha ne. Sanar da annoba da tsare iyaka na tarayya ne, NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, kuma ta fi ƙarfi a kan abincin da aka sarrafa aka ƙunshe. Mai karɓar kuɗin kai, wato kuɗin da ake biya kan kowace dabba, daban, mai wuƙar duba daban, mai magana a talabijin daban.

A haka 2006 ta same mu. Cikin watan Janairu kaji suka fara mutuwa da dubbai a wata babbar gona a Jaji, jihar Kaduna. Sai ranar 8 ga Fabrairu aka sanar cewa murar tsuntsaye ce, nau'in H5N1, bayan ɗakin gwaji na Padova a Italiya ya tabbatar. Shi ne karo na farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka. Kusan wata guda ke nan tsakanin mutuwar farko da sanarwa, kuma a cikin wannan watan masu gonaki da dama sun ɗauka annobar hunturu ce da aka saba, wadda likitoci ke kira Niyukasul, suna ta ɗura magani a ruwan sha. Alamun sun yi kama. Amma wadda ta ga kazar murar tsuntsaye ba ta mantawa: kai ya kumbura, zanko ya koma shuɗi-shuɗi, jini ya kwanta a ƙarƙashin fatar ƙafa, ƙwai ya tsaya, a shiga ɗaki da safe a tarar da su zube. Cikin 'yan kwanaki aka tabbatar da ita a Kano da Filato, kafin watan ya ƙare ta bayyana a Magaria, a Jamhuriyar Nijar.

Ba iska ce ta fi yaɗa ta tsakanin gonaki ba, mutane ne da kayansu. Kiret ɗin ƙwai na kwali da ake mayarwa daga kasuwa zuwa wata gona. Motar abincin kaji da ke shiga gona biyar a rana. Buhunan kashin kaji da ake sayar wa 'yan lambu. Takalmin dillalin da ya taka wannan ɗaki ya taka wancan. Matakin da aka ɗauka daidai ne a ilimance: a killace gona, ma'aikata su shiga da fararen kaya da takalman roba da takunkumi, a kashe duk kajin da suka rage, a haƙa rami a zuba su tare da ƙwai da ragowar abinci da shimfiɗar ɗaki, a ƙone a binne, a feshe ko'ina, a bar wurin babu tsuntsu aƙalla kwana 21. Gwamnati ba ta amince da rigakafi ba, ta zaɓi kashewa da biyan diyya.

A wurin diyyar aka sami matsala. Naira 250 aka yanke wa kowace kaza, kuma wadda ma'aikata suka kashe da hannunsu kaɗai ake ƙirgawa, banda wadda cuta ta kashe. Kazar ƙwai sai ta ci abinci mako 18 zuwa 20 kafin ta saka ƙwan farko, wannan kuɗi bai kai abin da aka kashe wajen renonta ba. To a sa kai a matsayin mai kaji 5,000 da ya wayi gari 50 sun mutu. In ya kai rahoto, sai an zo an ɗauki samfuri, an kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, an jira sakamako, an haɗa ma'aikata. Cutar da ke iya share ɗaki cikin kwana biyu zuwa uku ba ta jiran wannan. Ranar da za a zo ƙirga, abin da ya rage da rai ƙalilan ne, kuɗin ma sai ranar da aka biya. In kuwa ya kira dillali a daren, zai karɓi kuɗi a hannu. Abin da da yawa suka yi ke nan. Kasuwannin kaji suka cika da kaza mai araha, talakan da bai saba sayen kazar gona ba ya saya, matarsa ta fige ta da hannu a tsakar gida, yara na wasa da gashin. Dokar da aka yi don tsare cuta a gona ita ta tura ta kasuwa.

Saƙon da aka aika wa jama'a ma bai rarrabe ba. Gaskiyar magana biyu ce, kuma ya kamata a faɗe su tare tun ranar farko: haɗarin yana wajen taɓa marar lafiya, da yanka, da fiɗa, da figa, amma naman da ya dahu har cikinsa ya kai digiri 70, babu sauran ja a jikin ƙashi, da ƙwan da gwaiduwarsa ta daskare, ƙwayar ba ta rayuwa a cikinsu. Abin da ya isa kunnen mutane shi ne kaza na kisa. Ciniki ya faɗi warwas, har ga gonakin da cutar ba ta kusanta ba. Mai shayi ya rasa mai cin wainar ƙwai, masu gashin kaji suka kashe wuta. A ɗaya gefen kuma ga waɗanda suka ce babu wata cuta, makirci ne. Kada a manta a 2004 Kano ta dawo da rigakafin shan inna bayan dakatarwar da aka yi saboda zargi, zukata ba su gama hucewa ba. Mutumin da ya ga baƙi sanye da fararen kaya sun kashe masa kaji masu tafiya da ƙafarsu, ba a ba shi komai a hannu ba, ba shi da dalilin gaskata su. A Janairun 2007 wata mata mai shekara 22 ta rasu a Legas, aka tabbatar cutar ce. Allah Ya jiƙan ta.

Abin da ya juya lamarin kuɗi ne da sauri. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50, aka ɗaga diyya ta kusanci farashin kasuwa, aka bambanta kazar ƙwai da ta nama da 'yan tsaki, aka sa jami'ai a jihohi da ƙananan hukumomi masu bin rahoto, aka riƙa feshin kasuwannin kaji. Da masu gona suka ga maƙwabcinsu ya karɓi kuɗinsa, sai suka fara kira tun kaza goma ta mutu. A Yulin 2008 aka ga ƙarshen wannan zagaye, bayan ta taɓa jihohi 25 da Abuja, tsuntsaye fiye da miliyan guda sun tafi. Masu saye sun koma ga kaza ba tare da an roƙe su ba, domin labarin mutuwar kaji ya daina zuwa. Da cutar ta dawo a Janairun 2015 ta Kano da Legas, rancen ya ƙare, masu gona suka daɗe suna bin diyya, sayarwar dare ta dawo.

Ba mu kaɗai muka bi ta nan ba. A Birtaniya, lokacin cutar haukan shanu, ministan noma John Gummer ya miƙa wa 'yarsa ƙarama naman sa a gaban 'yan jarida a 1990 don ya nuna babu komai. Ranar 20 ga Maris 1996 gwamnati ta fito ta amsa cewa da alama cutar na kama mutane. Daga ranar maganar minista ta daina tasiri, Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga namansu, ba a gama ɗage takunkumin ba sai 2006. Mutum 178 suka mutu, an kashe shanu fiye da miliyan 4. Abin da ya dawo da masu saye shi ne an hana duk saniyar da ta haura wata 30 shiga abinci kuma an biya masu ita, an wajabta cire ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya a mayanka, an ba kowace saniya takardar shaida, sannan a 2000 aka kafa hukumar lafiyar abinci wadda ba ta ƙarƙashin ma'aikatar noma, don kada mai tallata nama ya zama shi ne mai cewa lafiyarsa lau.

Ciwon saifa na 2023 ya fi kusa da ni, domin cutar kwata ce. Makiyaya da mahauta sun san shi tun kaka da kakanni. A watan Yuni ya ɓulla a yankin Upper East na arewacin Ghana, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, har ya kashe mutum a gundumar Binduri. Hukumomin yankin suka hana safara da yanka da sayar da shanu, tumaki da awaki na wata guda, suka shiga rigakafi. Mahautan Bawku da Bolga suka zauna hannu rabbana, ga Babbar Sallah tafe ranar 28 ga wata. A Najeriya ma'aikatar noma ta tarayya ta fitar da gargaɗi a guji ganda da ƙyafaffen nama da naman daji. Tsakiyar Yuli aka tabbatar da cutar a wata gona mai shanu da tumaki da awaki a Gajiri, ƙaramar hukumar Suleja, bayan cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta gwada jini. Aka killace gonar, aka tura rigakafi kewayenta. A nan an yi sauri, kwanaki kaɗan tsakanin rahoto da sanarwa, kuma wannan ci gaba ne a kan 2006, dole a faɗa.

Ga yadda cutar take. Saniya tana kiwo da safe lafiya lau, da rana a tarar da ita kwance. Baƙin jini mai kauri yana tsiyayowa ta hanci, ta baki, ta dubura, kuma ba ya daskarewa. Gawar ba ta sandarewa yadda aka saba, ciki ya yi saurin kumbura. In tsautsayi ya sa aka buɗe, saifa ta ninka girmanta, baƙa wuluk, ta yi laushi har tana narkewa a hannu. Buɗewar ita ce babban kuskure. Muddin gawar na rufe, ƙwayar cutar mutuwa take yi tare da ruɓewar jiki cikin 'yan kwanaki. Da ta sha iska sai ta yi wa kanta sulke, ta shiga ƙasa ta zauna shekaru gommai, zafin rana bai dame ta ba. Shi ya sa akwai makiyayar da tsofaffin Fulani ke kauce wa. Shi ya sa kuma ta fi tashi a farkon damina, lokacin da ruwa ya tono ƙasa, dabba kuma na dangwalar gajeriyar ciyawa haɗe da turɓaya.

Saboda haka ba a fiɗe ta, ba a jan ta a ƙasa. A toshe hanci da baki da dubura da auduga ko tsumma jiƙe da fomalin. Likita ya ɗebi ɗigon jini daga jijiyar kunne ya shafa a gilashi, ya isa gwaji. A tsare gawar daga karnuka da ungulu. Ƙonewa a wurin da ta faɗi ya fi, a ɗora ta a kan itace yadda wuta za ta shiga ta ƙasa, har ta zama toka. In babu hali, rami mai zurfin mita 2 aƙalla, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a kankare ƙasar da jini ya taɓa a zuba tare. Garken ya zauna a killace kwana 20 bayan mutuwar ƙarshe. Wanda ya taɓa gawar ya lura da hannunsa da wuyansa: ƙurji ne mai ƙaiƙayi, ya zama ƙoƙon ruwa, ya fashe ya bar baƙin ɓawo a tsakiya, gefensa a kumbure, kuma ba ya ciwo. Rashin ciwon ke yaudarar mahauta da majema su ƙi zuwa asibiti, alhali da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin ko doksisayikilin na warkar da shi. Wanda ya ci naman kuwa ta ciki take kama shi, amai da gudawar jini, wannan ya fi kisa. Mutum ba ya ɗauka daga mutum a zaman yau da kullum, kuma da an nanata wannan da tsoro ya ragu.

Rigakafin a Vom ake yin sa, irin wanda likitan dabbobi Max Sterne ya samar a Afirka ta Kudu a 1937. Sau ɗaya ne a shekara, a ƙarƙashin fata, kafin damina, kuma sai bayan kwana 10 zuwa 14 yake fara kariya. Abubuwa uku ke lalata shi a hannunmu. Ƙwaya ce mai rai, tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in ta yini a bayan babur cikin rana ba tabbas. Makiyayi kuma yakan yi wa dabbarsa allurar oksitetirasayikilin mai dogon aiki, wadda suke kira el-e, kwana ɗaya ko biyu kafin ko bayan rigakafi, maganin ya kashe rigakafin, a zauna ana zaton an kare garke. Na uku, dabbar da aka yi wa ba a yanka ta sai bayan makonni, kwalba na faɗin adadin. Wanda ya turke rago don Sallah, in aka zo masa da allura saura kwana goma, ɓoye shi zai yi. Ba a gaggauce ake rigakafin saifa ba, aikin watan Afrilu da Mayu ne kowace shekara, ko an ji labarin cuta ko ba a ji ba.

Gargaɗin ganda shi ne ya fi ba ni takaici. Akwai gaskiya a cikinsa: fatar dabbar da ta mutu da saifa tana ɗauke da ƙwayar ko ta bushe, babbaka da tafasa ta gida ba su da tabbacin kashe ta, kuma fatu na ƙetare iyaka ba tare da an san ko na yanka ne ko na mushe ba. Amma fatar saniyar da aka duba da rai, aka duba saifarta, aka buga mata hatimi, ba ta da wannan haɗari. Sanarwar ta haɗa su duka a kwando ɗaya, domin hukuma ba ta da wata alama da za ta ce wa uwargida, nemi wannan, guji wancan. Masu sana'ar ganda, da yawansu mata masu ƙaramin jari, suka kwana da kayansu. Bayan 'yan makonni labari ya lafa, kowa ya koma ci, ba don an gyara hanyar fata ba sai don an manta. Tayar mota da ake babbaka da ita a wurare da yawa, mai barin hayaƙi da guba a jikin fata, tana nan inda take. Haka ragowar magani a nama: el-e na buƙatar mako uku zuwa huɗu kafin ya bar jiki, amma saniyar da aka yi wa jiya don ta iya tsayawa a kara, yau ake yanka ta. Ido da wuƙa ba sa ganin wannan sai dai tabon allura a cinya, gwaji yake so.

A 2022 an sabunta dokar yaƙi da cututtukan dabbobi, ta maye gurbin ta 1988. A 2024 an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Ina maraba da su. Amma abin da zai sa mahauci ya jawo saniyar da yake shakka ya kawo ta gaban mai duba da kansa bai kai girman ma'aikata ba, asusu ne a kowace kwata. Lissafinsa a fili yake. A ce cikin shanu 200 guda ɗaya ake hanawa ɗungurungum, to rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin kowace saniya ya biya ta. A karɓe shi tare da kuɗin kai, amma kada ya shiga baitulmalin ƙaramar hukuma. Ya zauna a asusun da Sarkin Fawa da likitan kwata za su sa wa hannu tare, a liƙa lissafinsa a bango duk wata. A biya kashi 70 ko 80 cikin ɗari na kuɗin dabbar, ba duka ba, don kada wani ya mayar da sayen marasa lafiya sana'a. A biya wadda ta kwana a turke aka dube ta da rai kaɗai, wannan zai dawo da hutun da aka daina ba su. A rataya lamba ɗaya a kai da kayan ciki da gangar jiki da fata, ko da fenti ne, don a san huhun wace saniya ce. Ga ciwon saifa kuma a juya ƙa'idar 2006: wanda ya kawo rahoton gawar da bai buɗe ba a biya shi, har da kuɗin itacen ƙonewa, wanda ya fiɗe ya rasa. Kuɗin kuma ya shiga hannun mai shi kafin la'asar, lokacin da dillali ke zuwa karɓar nasa.